Abin Da Ya Sa Ake Gwada Fili Kafin Katafila Ta Shiga

Duk wanda ya taɓa noma a karkarar Funtuwa, Bakori ko Malumfashi ya san yadda garma ke tono tsingaro, dutsen niƙa ko abin da ake kira gatarin aradu. Manomi kan jefar da su gefen gona. A wurin masana kayan tarihi kuwa, alamu ne na kufai, kuma yanzu da gonakin bakin hanya ke komawa rumbunan hatsi, gidajen mai da rukunin gidaje, kwana ɗaya ya ishi katafila ta shafe su.

Gwajin ba shi da wuya. Masana kan fara taka filin suna tsintar abin da ke sarari, sannan su haƙa ƙananan ramuka, galibi mita 1 ko 2 a kowane gefe, suna sauka sannu a hankali, suna tankaɗe ƙasar da rariya har su kai ƙasar da hannun mutum bai taɓa ba. Abin da ke can ƙasa ya girmi na sama, shi ya sa tukunyar da aka tumɓuke daga mazauninta ta rasa rabin labarinta. Gawayin tsohon murhu ma, wanda lebura zai watsar, da shi ake auna shekarun wurin a ɗakin gwaji.

Mutum-mutumin Nok a wurin haƙar kuza aka ci karo da su a 1928, ba a wurin bincike ba. Kafin ruwan madatsar Kainji ya mamaye yankin a 1968, sai da aka yi haƙar ceto. A jihar nan, haƙar da aka yi a Durɓi Ta Kusheyi ta ƙaramar hukumar Mani a 1992 ta fito da kayan zinariya da tagulla. Mutum-mutumin yumɓu na Katsina kuwa, akasarinsu ɓarayi ne suka tono, suka kai kasuwannin Turai.

Fargabar mai fili ita ce a tsayar masa da aiki, kuma fargaba ce mai dalili. Sai dai gwajin 'yan kwanaki kafin a zuba harsashi ya fi araha a kan tsayawa bayan an sayi siminti. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ba izini da cinikin irin waɗannan kaya. Wanda ya ci karo da su ya bar su inda suke, ya sanar da gidan tarihi na Katsina ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.