Kalmar da ke jikin kwali

Bara da damina, ƙanen mahaifina ya sauke kwalayen tangaran a sitonsa da ke kusa da babban masallacin Zongo a Kwatano. Wuri ya yi kaɗan, sai 'yan dako suka yi ta ɗorawa har goma sha biyu a kan juna. Da aka zo fitar da kaya bayan mako uku, kwalaye biyun ƙasa sun lotsa, farantan ciki sun zama sakaina. Alhali gargaɗin na nan ɓaro-ɓaro a jikin kowane kwali, da Turancin Ingilishi.

Kalmar ita ce *stack*. Ma'anarta a ɗora abu a kan ɗan'uwansa, hawa-hawa, a tsare, kamar yadda mai atamfa a kasuwar Dantokpa ke ɗora turmi bisa turmi. Ba jerawa ba ce, don jeri gefe da gefe ake yinsa. Ba kuma jibgewa ba ce, irin ta gwanjo idan an kwance dila a Misebo. Wannan kam tsibi ne, kuma Bature na da wata kalmar dabam dominsa.

Idan kun ga *do not stack*, to an ce kada a ɗora komai a kai, ko da kwali ɗaya ne. Wani lokaci babu rubutu, sai zanen akwatuna bisa juna da lamba. Lambar ce iyaka. Idan 6 ce, ni dai shawarata ku ƙirga har da na ƙasa ku tsaya a shida, musamman a garin bakin teku irin namu inda danshi ke sa kwali ya yi laushi tun kafin nauyi ya taɓa shi.

Matsalarmu a nan ita ce yaranmu Faransanci suke karatu, kayan China da Dubai kuwa galibi da Ingilishi suke zuwa. Ɗan Baffa ya iya karanta *ne pas gerber*, wadda ke nufin abu ɗaya, amma wannan ta wuce shi, kuma kunya ta hana shi cewa bai gane ba.

Yanzu Baffa kan sa a ɗauki hoton kwalin a tura wa jikarsa da ke makaranta a Legas. "Hajiya ƙarama," in ji shi, "hawa nawa aka yarda mana?"