Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu: Tarkon Da Ke Cikin Kacici-kacici

Wace ƙasa ce ta fi kowace faɗi a Afirka? Duk wanda ya yi firamare kafin 2011 zai amsa tun ba a rufe baki ba: Sudan. Haka malam ya rubuta a allo, haka aka haddace, da haka aka ci jarrabawa. Amma ranar 9 ga Yuli, 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, sai Aljeriya ta hau gaba da faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 2.4, Kwango mai hedkwata a Kinshasa ta bi bayanta, Sudan ta koma ta uku. Uba da ɗa suna iya kwana suna musu a kan wannan tambaya, alhali kowannensu abin da aka koya masa yake faɗa.

Mu mutane ne masu son kacici-kacici. Ana yin gasarsa a sakandare da Islamiyya, gidajen rediyo suna raba katin waya ga wanda ya canka, shirin Amsoshin Takardunku na BBC Hausa kuwa ya daɗe yana raba gardamar majalisa. Sai dai a ganina, rabin rigimar da ake yi da alƙalin gasa ba laifin mai amsa ba ne. Tambayar ce aka gina ta a karkace. Duk inda ka ji an ce "na farko", ko "mafi girma", ko "wanda ya fi kowa", to akwai abin da mai tambaya ya haɗiye bai faɗa ba: zuwa wace shekara, da wane ma'auni, kuma a idon wa.

Amsar da ta tsufa ita ce mafi sauƙin kamawa. Damagaram ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, kafin Faransawa su koma Yamai. Zungeru ta riga Kaduna zama hedkwatar Arewa. Gwamnatin Nijeriya ta tashi daga Legas zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Burundi ta mayar da hedkwatar mulkinta Gitega a 2019, amma har yau Bujumbura ce a bakin mutane. Taken Nijeriya ma ya yi tafiya ya dawo: wanda aka rera ranar samun 'yanci a 1960 an ajiye shi a 1978, aka sake ɗauko shi a watan Mayun 2024. Wannan duk magani ɗaya ne, mai tambaya ya riƙa duba littafinsa ko ya kwana biyu.

Wadda ta fi wuya ita ce tambayar da ta ɓoye ma'auninta. Dutsen Everest, da ke kan iyakar Nepal da Sin, shi ne mafi tsawo idan daga doron teku aka fara awo. Ƙasashen biyu sun sanar tare a 2020 cewa ya kai mita 8,848.86. To amma akwai Mauna Kea a tsibirin Hawayi, wanda abin da ya fito sarari daga jikinsa bai fi mita 4,207 ba, saura yana cikin ruwa. In aka auna shi daga gindinsa a ƙarƙashin teku, ya haura mita 10,000. Akwai kuma na uku, Chimborazo a ƙasar Ikwado, mai mita 6,260 da 'yan kai. Duniya ba ƙwallo ba ce cif, tana da kumburi a tsakiyarta, shi kuma wannan dutse a kan kumburin yake zaune, don haka ƙololuwarsa ta fi ta Everest nisa daga cibiyar duniya da kimanin kilomita biyu. Musun ya zama irin na masu awon hatsi, wani da tiya wani da mudu, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai.

Haka zancen hamada. Ka tambayi mutumin Agadas, zai ce Sahara, ya kuwa san abin da yake faɗa. Amma masana labarin ƙasa ba da zafi ko rairayi suke gane hamada ba, da ƙarancin ruwan da ke saukowa daga sama ne, ƙasa da milimita 250 a shekara. A kan wannan, Antatika mai ƙanƙara, da faɗinta na kusan murabba'in kilomita miliyan 14, ta shige gaban Sahara mai miliyan 9. Kogin Nilu da na Amazon ma haka suke ja-in-ja. Yawancin littattafai suna ba Nilu kilomita 6,650, Amazon 6,400, amma a 2007 wasu masana na Barazil suka ce sun bi wani mafari a tsaunukan Peru da ya sa nasu ya kusa kilomita 7,000. A yawan ruwa dai babu gardama, Amazon kaɗai yana kai wa teku kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da dukkan kogunan duniya suke zubawa.

Akwai tambayar da aka yi shekaru ana dukan yara a kanta a makarantun Nijeriya: wa ya gano Kogin Kwara? Amsar littafi ita ce Mungo Park. Sarkawa da Nufawa da Zabarmawa sun yi ƙarnoni suna su da fito a kogin kafin a haifi kakan Park, saboda haka tambayar a yadda take abin dariya ce. Amma kada dariyar ta hana mu jin labarin, domin akwai abin da ya ɗaure wa Turawa kai da gaske. Kogin yana tasowa daga tuddan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atilantika. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi, sai ya ba shi baya ya nausa arewa maso gabas cikin Mali har gefen Tumbuktu, bakin Sahara, sannan ya karyo kwana ya bi ta Gawo da Yamai da Yawuri da Lakwaja, ya faɗa teku bayan tafiyar kilomita kusan 4,180. Masu zanen taswira a Turai wasu sun ce yamma yake gudu, wasu sun ce reshen Nilu ne, wasu sun ce shi ne Kogin Kwango, wasu kuma sun ce a wani tafki yake ƙarewa a tsakiyar nahiya.

Abin da Park ya yi a 1796 shi ne ya isa Segu ya ga da idonsa ruwan gabas yake yi, ya koma ya faɗa wa mutanensa. Da ya dawo karo na biyu don ya bi shi har ƙarshe, sai ya halaka a Busa a 1806, wurin da yanzu ruwan madatsar Kainji ya shanye. Bayansa Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har aka zana masa taswirar ƙasar. Clapperton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander ne, tare da ƙanensa John, suka shiga kwalekwale daga Busa a 1830 suka bi ruwan har teku. Ke nan ko a ma'aunin Turawan kansu, Park rabin aikin ya yi. Da tambayar ta ce wane Bature ne ya fara kai wa Turai labarin inda kogin ya fuskanta, da babu wanda zai ce uffan.

A adabi ma akwai irinta. Ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi shi ne Wole Soyinka a 1986, ni ma nan zan ba da maki. Amma mai son jan magana zai kawo Albert Camus, wanda aka haifa a Aljeriya a 1913 cikin Faransawa 'yan kama-wuri-zauna, ya ci kyautar a 1957. Naguib Mahfouz na Masar ne marubucin Larabci na farko da ya samu, a 1988. Chinua Achebe kuwa, duk da yadda Things Fall Apart na 1958 ya zagaye duniya, bai taɓa samu ba, ko da yake da yawa za su rantse ya samu. Winston Churchill ya samu a 1953, kuma ta adabi ce, ba ta zaman lafiya ba kamar yadda ake zato.

Mu dawo gida. Wane ne littafin ƙagaggen labari na farko a Hausar boko? Yawanci za a ce Ruwan Bagaja, saboda sunan Abubakar Imam ya fi tashi. Gaskiyar magana, ba shi kaɗai ya fito ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubutu, daga cikinta aka sami littattafai biyar da aka buga kusan lokaci guda: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. In kuma mai tambaya ya yi sakaci ya ce "rubutun Hausa na farko", to ya zubar da ajami gaba ɗaya, alhali Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta na Hausa ta rasu tun 1864.

Shaihu Umar ɗin nan shi ne ya haɗa mu da rigimar fim. Fim ɗin Hausa na farko, ɗan Kannywood zai ce Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake ƙirga farkon Nollywood daga kansa. Ya yi gaskiya in fim ɗin kaset na sayarwa a kasuwa ake nufi. Amma Adamu Halilu ya mayar da littafin Tafawa Ɓalewa fim tun 1976, irin wanda ake haskawa a silima. Kafin shi kuma akwai majigin gwamnati da ake yawo da shi gari-gari, irin su Baban Larai na 1955 mai koyar da noman zamani. Fim uku, shekara 35 tsakanin na fari da na ƙarshe, kowanne da hujjarsa. A duniya kuwa Avatar na 2009 ne ya fi tara kuɗi, kusan dala biliyan 2.9, amma in aka daidaita darajar dalar da da ta yanzu, Gone with the Wind na 1939 ake ba kambun.

A gidan kallon ƙwallo ne aka fi ɗaga murya. George Weah na Laberiya, wanda daga baya ya shugabanci ƙasarsa, shi ne ɗan Afirka da ya ci Ballon d'Or a 1995. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin wannan shekarar mujallar France Football 'yan Turai kaɗai take ba kyautar, shi ya sa Pele da Maradona ba su ci ba a zamaninsu. Eusebio kuma, da ya ci a 1965, haifaffen Mozambik ne, a can ya fara taka leda, amma rigar Fotugal ya sa domin ƙasarsa tana ƙarƙashin mulkinsu a lokacin.

Wani giɓin da na lura da shi ya fi waɗannan damuna, domin ba a ma san an yi shi ba: ana tambaya a kan kowa, ana ba da amsa a kan maza. Wa ya fi cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya? Zuwa gasar 2022 ana cewa Miroslav Klose na Jamus da 16, alhali Marta ta Barazil tana da 17 a ta mata. Christine Sinclair ta Kanada ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190. Ɗan Nijeriya na farko da ya ci Grammy, matasa za su ce Burna Boy a 2021, amma Sade Adu, haifaffiyar Ibadan da ta girma a Ingila, ta karɓa tun 1986.

Zinariyar Nijeriya ta farko a gasar Olamfik kuwa, kowa Atlanta 1996 yake tunawa, da su Kanu da Okocha da Amunike, da yadda aka doke Barazil sannan aka doke Ajantina da ci 3 da 2 ranar 3 ga Agusta. Kwana ɗaya kafin nan, ranar 2 ga wata, Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta yi tsallen mita 7.12 a yunƙurinta na farko ta ɗauki zinariya. Ita ce ta farko. Lambar yabo ta farko kowace iri kuwa ta tagulla ce, Nojim Maiyegun ya samo ta a damben zamani a Tokyo a 1964.

Jimillar zinariyar ma sai an faɗi shekarar da ake tambaya. A Sidni a 2000, 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu na Nijeriya sun zo na biyu a bayan Amurka, aka rataya musu azurfa. Daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ƙwace tasu. Sai a 2012 kwamitin Olamfik ya tabbatar wa Nijeriya zinariyar, ta zama ta uku, shekara 12 bayan an yi gudun, kuma 'yan watanni bayan rasuwar Sunday Bada, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka yi shi.