Shin Ko Kun San? Tumbi, Shayi da Ciwon Suga

Shin ko kun san duk sukarin da ke yawo a jinin ƙato mai kilo 70 bai wuce giram 4 ba? Cokalin shayi ɗaya tal! To ku leƙa teburin mai shayi a Tudun Wada da safe, ku ƙirga cokali nawa ake antaya wa kofi guda. Ga madara, ga burodi, ga Indomie a gefe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce cokali 12 a yini, in da hali ma 6. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye kason nan kaf!

Ga wata kuma. Namiji kan kamu da ciwon suga nau'i na biyu tun bai kai mace ƙiba ba. Masu bincike a Jami'ar Glasgow suka nuna haka a 2011. Mace takan tara kitse a ƙugu da cinya, na namiji kuwa ciki yake shigewa, ya nannaɗe hanta da hanji. Tumbin nan da ake cewa naira ta zauna? Ku ari tef ɗin tela ku auna. Santimita 94 ce iyaka.

Shekaru fa? Daga 30 tsoka take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara 10. Ita ce kuwa ke zuƙe mafi yawan sukari bayan an ci abinci. Manomin Dutsen Abba da ke yini yana huɗa, malmala uku ta tuwon masara ba ta dame shi ba. Ranar da ya ajiye fartanya ya koma zaman shago, ga furfura ta fara, malmalar tana nan uku. Nan ake yin ta! Kada ku ce ai tuwo ba zaƙi. Surfaffiyar masara da farar shinkafa sukari suke komawa a ciki, da sauri kuwa. Wake da zogale su ne masu taka birki.

Kun san likitocin Indiya na dā da kiyashi suke gane ciwon? In ya yanyame fitsarin mutum, shi ke nan. Yau ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, ba sai an kai asibitin Shika ba. Duk da haka, a ƙididdigar 2021 mutum miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma sani ba. Wani magidancin raunin mazakuta ne farkon alamarsa, sai ya nufi mai maganin maza. Kash!

Ku riƙe wannan ku ba dattijon gidanku. A wani bincike a Amurka da aka fitar a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa suka rage ƙiba kaɗan, suka riƙa tafiyar ƙafa minti 150 a mako. Haɗarin ya faɗi da kashi 58 cikin 100. Masu shan ƙwayar metformin? Kashi 31 kacal. 'Yan shekara 60 zuwa sama da suka taka sayyada kuwa, kashi 71!