TSATSA DA WALDA: Yadda A Ke Farfaɗo Da Tsofaffin Motoci Masu Ƙwanji A Amurka

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman ofisoshinsu, waɗanda a kan kawo wa takardar kuɗin gyaran mota su duba, ko kuwa a kawo musu ƙara tsakanin mai mota da mai gyara. Za a bayyana yadda gwanayen gyara na ƙasar Amurka su ke yi in tsatsa ta kama jikin tsohuwar mota mai daraja. Motocin na can ne, amma ƙarfe ɗaya ne ko'ina, halin tsatsa kuma ba ya sakewa. Jigon bayanin shi ne wannan: inda tsatsa ta huda ƙarfe, sai an yanke wurin an sa sabo. Fenti da fila ɓoye ɓarna kawai su ke yi.

1. IRIN MOTOCIN

A shekarar 1964 kamfanin General Motors ya ɗauki babban inji mai silinda 8 ya ɗora wa wata mota matsakaiciya, ya sa mata suna Pontiac GTO. Samari suka yi rububin sayenta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Amurkawa suna kiran irin waɗannan motoci da wani suna mai ma'anar mota mai ƙwanji. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973, su suka taru suka kashe kasuwarsu. Waɗanda suka saura yanzu kayan tarihi ne. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 a birnin Siyatil, aka saye ta dala miliyan 3.5.

Wadda za a yi misali da ita a nan ita ce Dodge Charger ta kamfanin Chrysler, ƙirar 1968 zuwa 1970. Samfurinta da a ke kira R/T yana da inji mai faɗin ciki lita 7.2, mai ƙarfin doki 375. Abin da ya kamata a riƙe game da ƙirarta shi ne ba ta da shasi dabam wanda a ke ɗora jiki a kansa, kamar yadda a ke yi wa babbar mota. Tun 1960 Chrysler ya koma haɗa daɓen mota da dokin ƙofa da ƙarafan ƙarƙashi da rufi su zama abu guda. Watau jikin ne ƙashin motar. Sabo da haka tsatsa a jikin irin wannan mota ta wuce maganar muni, rai ta ke taɓawa.

2. YADDA TSATSA TA KE FARAWA

Abu uku ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iskar nan da a ke shaƙa mai suna oksijin. In aka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun, ba ya tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri, don haka sai ta kumbura ta yi ɓawo, ɓawon kuma ya riƙe laima, ɓarna ta ci gaba a ƙarƙashinsa.

A jihohin arewacin Amurka, kamar Mishigan da Ohayo da New York, a kan barbaɗa gishiri bisa tituna da hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishiri yana gaggauta tsatsa ƙwarai. Motocin wancan zamani kuwa ba a lulluɓe yawancin ƙarfensu da tutiya ba, sai a shekarun 1980 wannan ya zama ruwan dare. Shi ya sa masu neman tsohuwar mota su kan tafi jihohi masu fari kamar Arizona, inda ƙarfe ke daɗewa.

A jikin Charger akwai wurin da kowane magyari ya ke fara dubawa. Gilashinta na baya a lotse ya ke tsakanin kafaɗun rufi biyu, ruwa da ƙura da ganye su kan kwanta a kwarin da ke gindinsa. In kwarin ya huje, ruwa ya riƙa ɗiga cikin but, ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa, ya cinye daɓen but. Daga nan ya gangara ƙasan gefen baya, ya kai ga dogayen ƙarafan nan biyu da sifirin na baya ke rataye a jikinsu. Aikin tsatsa kamar na gara ne a azara: daga ciki ta ke ci, ba a ankara sai soro ya fara zuba. In an ga fenti ya yi ƙuraje, galibi ƙarfen da ke bayansa ya riga ya huje.

3. BINCIKE

Magyari na kirki ba ya yanke kuɗi sai ya ga ƙarfe tsirara. A kan kwance kujeru da shimfiɗu da gilasai, a kankare fenti. Sa'an nan a bi wuraren da a ke zato da sukuddireba ana sokawa. Ƙarfe mai lafiya ya kan yi ƙara garau, ruɓaɓɓe kuwa sai ya lotsa ko ya ɓurme. A kan kuma bi jikin da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, alama ce wani ya taɓa cusa fila mai kauri a wurin.

Tsatsa hawa uku ce. Akwai ta sama, wadda ba ta shiga ƙarfe ba, wannan a kan gurje ta da samfefa, a shafa ruwan magani mai asid na fosfarik ya kashe ragowar. Akwai wadda ta yi wa ƙarfe zanzana, ya yi sirara. Akwai kuma wadda ta huda. Biyun ƙarshe duka yanka a ke yi, domin ƙarfen da ya yi sirara ba ya ɗaukar walda, narkewa ya ke yi ya bar rami.

4. SHIRI KAFIN YANKA

Kafin a kunna wuta, a kan cire batir, a sauke tankin mai da bututansa, tun da tankin Charger a ƙarƙashin daɓen but ya ke. Sa'an nan a ɗora motar bisa matokarai a daidaita ta sosai. Tun da jikin ne ƙashinta, in aka yanke daɓe ko dokin ƙofa ba tare da tallafi ba, sai ta saki ta karkace. Don haka a kan gicciya sandunan ƙarfe a bakin ƙofofi da cikin motar, a maƙala su da walda na ɗan lokaci. A kan auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki a rubuta. Kuma ba a yanke sassa biyu masu ɗaukar nauyi a lokaci guda, sai an gama ɗaya a taɓa ɗaya. Wanda ya ƙetare wannan, ranar da ya zo mayar da ƙofa zai tarar ba ta rufuwa.

5. YANKA DA FACI

A kan shata wurin da alli, a wuce iyakar tsatsa da kamar inci 1 har a kai ga ƙarfe mai haske. A masana'anta an haɗa sassan jikin ne da waldar ɗigo, watau ɗigo ɗigo a jere. In za a cire sashe ɗungum, sai a bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya da injin huda, a raba na sama ba tare da an ɓata na ƙasa ba.

Ƙarfen jikin irin waɗannan motoci kaurinsa wajen milimita 1 ne. Tilas facin ya zama kauri ɗaya da shi. A kan fitar da siffar ramin a kwali, a ɗora bisa sabon ƙarfe a yanka, a lanƙwasa shi da guduma har ya bi surar jikin. Yanzu akwai kamfanonin da ke buga sabon daɓe da gefen baya na waɗannan motoci, amma ko su sai an gwada an rage kafin su zauna.

Hanyar haɗawa biyu ce. Ta farko a ɗora faci bisa tsohon ƙarfe, baki ya hau baki. Wannan ta fi sauƙi, amma tana barin aljihu tsakanin ƙarafan biyu inda laima za ta ɓuya, tsatsa ta dawo. Ta biyu a yanka facin daidai da ramin, baki ya tari baki, a bar 'yar tazara wadda ba ta wuce kaurin wayar walda ba. Wannan ita gwanaye ke bi a fuskar mota, domin in an gama ba a gane wurin ta ciki ko ta waje. Inda kuwa masana'anta ta yi waldar ɗigo, a kan huda ramuka masu faɗin milimita 8 a sabon sashe, a matse shi da na ƙasa, a cike kowane rami da walda.

6. WALDA

Injin da aka fi aiki da shi can shi ne mai turo siririyar waya daga cikin bindiga, iska na lulluɓe bakin wutar don kada oksijin ya ɓata narkakken ƙarfe. Ana kiransa MIG, an ƙirƙiro shi a Amurka a 1948. Don jikin mota a kan sa waya mai kaurin milimita 0.6, iskar kuwa kashi 75 cikin 100 agon ce, kashi 25 kabon dayokzaid. Waldar sanda ta masu ƙofofi da tagogi ta yi wa wannan ƙarfe zafi da yawa. Wutar kabaid tana yi a hannun gwani, amma tana baza zafi nesa.

Zafi shi ne babban abokin gaba a nan. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500 na ma'aunin santigireti. In ya yi zafi ya kan buɗe, in ya huce ya tsuke fiye da yadda ya ke da farko, ya janyo na kusa da shi. Wanda ya ja walda doguwa a tashi ɗaya bisa gefen mota, zai ga faffaɗan ƙarfen ya yi tudu da kwari, garin gyaran gira an rasa ido. Sabo da haka ɗigo ɗigo a ke yi. A sa ɗigo a kusurwoyi, a duba ko facin ya zauna daidai. A sa wasu tazarar inci 1 ko 2. A dakata har a iya ɗora hannu a wurin. Sa'an nan a koma a sa ɗigo a tsakankanin na farko, ana tsallake daga wannan gefe zuwa wancan, har ɗigon su haɗu su zama layi guda ba kafa. Tsakanin haka a kan tara ƙaramar maƙera ta hannu a baya, a bubbuga ɗigon da guduma a hankali don ƙarfen da ya tsuke ya sake. In tazara ta yi faɗi, a kan tara falle na jan ƙarfe a baya, domin walda ba ta kama shi. Faci mai faɗin tafin hannu biyu ya kan ci rabin yini, amma sannu ba ta hana zuwa.

In an gama a gurje tudun waldar da dutsen lantarki, shi ma kaɗan kaɗan, don gurza tana kawo zafi kuma tana rage kaurin ƙarfe. Daga nan a haska fitila ta baya. Duk inda haske ya ɓullo, kafa ce, sai an cike ta.

7. RUFE ƘARFE

Sabuwar walda ta fi saurin tsatsa, don haka ba a barinta ta kwana tsirara. A wanke wurin a fesa fentin ƙasa mai hana ruwa, ciki da waje. A bi gaɓoɓi da danƙon toshe kafa, a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da sauran wurare masu rami, a tabbata ƙofofin zubar ruwa a buɗe su ke. Fila tana da amfaninta, watau shafe 'yan ƙananan lotsa. Amma kaurinta bai kamata ya wuce milimita 3 ba, kuma ba a toshe rami da ita, domin tana shan ruwa ta baya ta tsage.

8. KIYAYE LAFIYA

A da masana'antu da dalma su ke shafe gaɓar da ke tsakanin rufi da gefen baya, ƙurarta kuwa guba ce. Hayaƙin ƙarfe mai tutiya yana sa zazzaɓi. Ƙurar yashin da a ke fesawa don kankare tsatsa tana lalata huhu. Hasken walda yana ƙona ido da fata. Tilas mai aiki ya sa hular walda da safar hannu da abin rufe hanci, a wuri mai iska. Tankin mai ko an juye shi tururinsa yana fashewa. A ajiye abin kashe gobara kusa, kuma kada a bar gareji sai an yi rabin sa'a da kashe wuta ana lura.

9. ABIN LURA GA HAKIMAI DA MALAMAI

Motoci na hannu da yawa da ke shigowa ta tashoshin Ikko da Kwatano daga Amurka su ke, wasunsu kuma daga jihohin gishiri. Sama sumul, ƙasa kuwa kyan ɗan maciji. A ƙasar Hausa rani yana rage wa tsatsa ƙarfi, amma taɓon damina da ya maƙale a madigadi, da takin zamani, da gishiri, da fitsarin dabbobi a bayan mota, duk suna cin ƙarfe. Sabo da haka ana roƙon a kula da waɗannan:

(a) Kafin a sayi mota, a ɗaga ta a duba ƙarƙashi, a ɗaga shimfiɗar but, a gwada da maganaɗisu.

(b) Takardar gyara ta faɗi sashen da za a yanke, da irin ƙarfen da za a sa, da kuɗin kowanne dabam.

(c) Malami ya je ya ga aikin da idonsa bayan walda, kafin a shafa fila ko fenti, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Bayan fenti ba mai iya shaida.

(d) Kada a matsa wa magyari ya gama da wuri. Gaggawa ita ke kai shi ga cusa fila.

(e) In tsatsa ta taɓa inda sifirin ko sitiyari ko kujera ke kamawa, kada motar ta ɗauki mutane sai an gyara.

(f) Da damina a riƙa wanke ƙarƙashin mota, a share ƙofofin zubar ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Ana fatan hakimai za su isar da wannan bayani ga shugabannin masu walda da na direbobi da ke ƙasashensu.