Wayar Hannu Ta Tsallake Zaure

A gidajen Damare, kamar a unguwannin Yola da Jimeta, zaure ne iyakar baƙo namiji. Wannan tsari shi ya ba mata damar sakewa ranar kamu ko wunin biki, su ajiye mayafi, su rangaɗa guɗa, har uwar amarya ta taka rawa, domin sun san idon da ke kallonsu na gida ne. Katanga tana nan, zaure yana nan, amma yanzu kowace ƙawar amarya da waya take shigowa. Kafin a kai amarya ɗakinta, rawar goggonta ta hau WhatsApp, wani ya kwafa ya ɗora a TikTok da kiɗan da ba shi aka yi a wurin ba. Mai ɗaukar ba da mugunta ta yi ba, sai dai ta yanke hukunci a kan mutuncin wata ba tare da ta tambaye ta ba.

Da yawa suna ganin abin da aka sa a sitatus ɗin WhatsApp kwana ɗaya yake yi ya ɓace. Daga sitatus ɗin yake ɓacewa, amma duk wanda ya kalla yana iya naɗe shi ya adana. TikTok kuwa ba 'yan uwa kaɗai yake nuna wa bidiyo ba. Yana tura shi ga baƙi gwargwadon yadda mutane ke tsayawa kallonsa, kuma abin da ya fi tsayar da ido shi ne abin dariya ko abin tsegumi. Zanin da ya kwance yakan fi kyan amarya yin nisa. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya ɗora fuskar mace a jikin da ba nata ba, ko su kwaikwayi muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya.

Mutanen Damare sun san tsawon ran hoto. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoban 2014, dubban jama'a sun fake a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare. Hotunansu sun zaga duniya, kuma sun taimaka wajen jawo agaji, wannan gaskiya ne. Amma yaran da aka ɗauka a layin abinci sun girma, wasu sun yi aure, hotunan kuwa suna nan a intanet.

Za a ce masu lalle, teloli, masu kwalliya da makaɗan biki da bidiyon bukukuwa suke samun kasuwa. Haka ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne yarinya a Jimeta ta samu ciniki daga Kano ko Garwa saboda hoton zanen hannunta. Ko fina-finan Hausa irin su Labarina da Izzar So, YouTube ya taimaka musu ƙwarai wajen isa ga masu kallo. Sai dai ɗan fim ya yarda a ɗauke shi, an kuma biya shi. Baƙuwar biki zumunci ya kawo ta. Mai lalle tana iya nuna hannu ta bar fuska, tela ya nuna ɗinki bayan mai kayan ta amince. Akwai kuma masu cewa wanda bai yi abin kunya ba me zai tsorata. Wannan magana ta manta cewa kunya a wurin Bahaushe da Bafulatani ta danganta ne da wuri da kuma wanda ke kallo. Rawar da ta dace a tsakar gida, idan ta isa wayar suruki ko majalisar samari, tana iya girgiza aure.

Doka ba za ta share wa kowa hawaye da wuri ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa matasa biyu bulala 20 kowanne saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, a TikTok. Gwamna ke nan, mai lauyoyi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan sirri ta 2023, amma kafin matar aure a Damare ta kai ƙara, bidiyon ya shiga wayoyin da ba ta san adadinsu ba.

Don haka maganin yana hannun masu biki. A sanar tun a katin gayyata ko a bakin ƙofa cewa ba a ɗauka a ɓangaren mata. A ware mace guda amintacciya ta yi ɗauka, iyayen amarya su duba kafin komai ya fita. Mai son 'yan uwa na nesa su gani ta tura musu kai tsaye, ta kuma shiga saitin WhatsApp ta zaɓi waɗanda za su riƙa ganin sitatus ɗinta.