Ɗan Jagora a Hanyar Galabat

Simsim ƙasar noma ce. Tana kudu da birnin Gadarif, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 da aka yanka manyan gonakin tarakta a yankin, riɗi da dawa aka san ta da su. Ba wanda ke niƙo gari ya zo kallonta. Sai dai ta gabas da ita akwai hanyar da ta bar Gadarif, ta bi ta Doka, ta dire a Galabat bakin iyakar Habasha, kuma kafin yaƙin 2023 wannan hanya ce Turawa masu goyon jaka suke bi idan sun taso daga Alƙahira za su kudancin Afirka. Sun baro dalolin Bajarawiyya, maƙabartar sarakunan tsohuwar daular Kush a arewacin Shandi, sun nufi gidajen dutsen da Sarki Fasiladas ya fara ginawa a Gondar bayan 1636. A tsakani sai Galabat, wadda yawancinsu suka ɗauka wurin buga hatimi a fasfo ne kawai.

A wancan lokaci, a nan ɗan jagora yake samun abincinsa. Sana'a ce marar rumfa, marar ƙungiya, wadda mutum kan haɗa da wata: yau yana cikin yankan riɗi, gobe yana kan bayan a-kori-kura da baƙo biyu. Farkon iliminta sanin ƙasa ne. Lakar Gadarif baƙa ce, da rani ta dare har ƙafa ta faɗa cikin tsagar, da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, ta riƙe tayar mota ta hana ta motsi. Gwani yakan damƙi ƙasa a tafin hannu da asuba, ya dubi gabas, ya ce yau ba a sauka daga kwalta. Ya san wane hafiri, wato tafkin da aka haƙa, yake da ruwa. Ba ya barin baƙo ya kwana a fili cikin dajin ƙaya da aduwa, domin nan ne ƙaramin ƙudan da ke kawo cutar kala'azar yake, kuma Gadarif na cikin wuraren da cutar ta fi yin ɓarna a Sudan. Ga takardun da ake nema a lokacin: rajistar baƙo, izinin tafiya, izinin ɗaukar hoto. Wanda ya ɗaga kyamara kusa da shingen soja a bakin iyaka, jagoransa ne zai sha tambaya.

Duk wannan direba mai hankali ma zai iya. Abin da ya raba jagora da ɗan rakiya shi ne labari, domin filin yaƙin Galabat ba ya nuna kansa. Tudu ne da ciyawa, da rafin da ya raba garin da Matamma ta Habasha. Sai mutum ya tsaya ya nuna da hannu. A nan, ranar 9 ga Maris 1889, Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya afka wa rundunar Mahadi, wadda Zaki Tamal ke jagoranta bayan rasuwar Hamdan Abu Anja. Habashawa sun keta shingen ƙaya, nasara ta kusa, sai harsashi ya sami sarkin. Ya cika washegari, runduna ta watse, aka kai kansa Umdurman wurin Halifa Abdullahi. Mutuwarsa ce ta buɗe wa Menelik hanyar sarauta. Wannan rana tana da nauyi a tarihin ƙasashe biyu, amma kowane ɓangare da yadda yake ba da ita, kuma jagoran da ya san aikinsa yana lura da wanda ke zaune kusa kafin ya ce wane ne azzalumi.

Bayan shekara hamsin da ɗaya aka sake gwabzawa a wuri guda. Sojojin Italiya sun kama Galabat da Kasala a Yulin 1940. Ranar 6 ga Nuwamba, Birgediya William Slim ya ƙwace sansanin da ke kan tudu, amma tankokinsa suka lalace a kan duwatsu da nakiyoyi, jiragen Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai, bai iya ƙetarawa Matamma ba. Slim ɗin nan dai shi ne ya zama babban kwamanda a Yaƙin Bama, inda kakanninmu na rundunonin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Bature ya fi ɗokin wannan labari na biyu, ni kuwa na farkon ya fi kama ni.

Ba baƙon abu ba ne Bahaushe ya riƙe wannan aiki. Ayarin fatake da na alhazai ba ya tashi sai da madugu da jagaba, kuma Galabat kanta alhazan yamma da ake kira Takari ne suka raya ta, har suna da shehunsu. Bayan faɗuwar Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka zauna kusa da Sinnar, wasu suka bazu zuwa Gadarif. Saurayin da ya tashi da Hausa a gida da Larabci a kasuwa, ya tsinci Amharanci a bakin iyaka, ya riga ya mallaki rabin jari. Sauran rabin yana wurin tsofaffi. Yakan shiga zaure da baƙonsa, ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, ga baƙo na kawo, labarin Zaki yake so." A dafa gahawa a jabana, a zauna kan gadon igiya, tsoho ya faɗi abin da ya ji daga kakansa, jagora yana fassarawa yana tace ƙari.

Kuɗin aikin ciniki ne, kuma kasuwar ta daɗe da mutuwa. Rikicin Fashaƙa da yaƙin Tigrai sun rage masu wucewa tun 2020, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma ya yanke su gaba ɗaya. Hanyar Galabat ta cika da masu gudun hijira. Matasanmu na Gadarif da Simsim masu waya a hannu, ku zauna da tsofaffin nan ku naɗi labarinsu tun suna da rai.