Ɗakin Haya na Wata Uku Bayan Ambaliya

Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a kan tambaya guda: idan ruwa ya ci gidan mutum, a ina zai kwana da iyalinsa daga ranar da aka rufe sansanin 'yan gudun hijira zuwa ranar da gidansa zai sake zaunuwa?

A wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka wa Maiduguri da Jere. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon birnin da irin wannan tun 1994. Sama da mutum 400,000 suka bar muhallinsu, aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021, aka zuba jama'a a makarantu. To, makaranta dole a mayar wa ɗalibai, don haka cikin 'yan makonni aka fara sallamar mutane da kuɗi da abinci a hannu. Amma janyewar ruwa daban, zaunuwar gida daban. Ginin ƙasa da ya kwana a ruwa yakan ci gaba da zubewa bayan ruwan ya wuce, masai ya cika ya haɗe da rijiya, ga shi kuwa a farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Waɗannan watanni na tsakani, uku zuwa shida, su ne tsarinmu na agaji bai yi wa tanadi ba.

Abin da magidanci yake buƙata a wannan lokaci shi ne ɗaki ko ciki da falo na ɗan lokaci, mai ƙofa da makewayi, kusa da kasuwar da yake nema da makarantar 'ya'yansa. Sai dai kasuwar haya a garuruwanmu ba ta san wata uku ba. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ga la'adar dillali a kai. Wanda ruwa ya tafi da jarinsa da katifarsa da buhun hatsinsa a dare ɗaya, ina zai samo wannan? Ɗan haya ma ya fi shiga uku, domin ya riga ya biya kuɗin shekara a ɗakin da ya rushe, kuma idan tallafin gyara ya zo, sau da yawa sunan mai gida ake rubutawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan: idan abin da aka yi hayarsa ya salwanta, yarjejeniya ta warware, kuɗin sauran watanni kuma haƙƙin ɗan haya ne. Amma shi kansa mai gidan ruwa ya cinye shi, da me zai biya?

Saboda haka shirin nan yake ganin ya kamata gwamnatocin jihohi su ɗauki hayar gajeren zango a matsayin ɓangaren agajin ambaliya, kamar shinkafa da tabarma da gidan sauro. Tun kafin damina, masu unguwanni, ko Bulama da Lawan a ƙasar Borno, su rubuta ɗakunan da babu kowa a unguwannin tudu, da sunan masu su da kuɗin da suka amince a biya a wata. Idan ruwa ya zo, hukumar agajin gaggawa ta jiha ta tsaya a matsayin mai lamuni, ta riƙa biyan mai gida kai tsaye wata-wata, a kan takarda mai ranar shiga da ranar fita. Hukumomin zakka da waƙafi, inda ake da su, suna iya ɗaukar nauyin zawarawa da tsofaffi. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin ƙungiyoyin agaji sun riga sun gwada biyan kuɗin haya ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, kuma mafi yawan waɗannan mutane dama a cikin gari suka zauna, ba a sansani ba.

Wani zai ce ai muna da zumunci, wanda ruwa ya kora gidan ɗan'uwansa zai tafi. Gaskiya ne, kuma zumuncin nan shi ya rufa wa dubban mutane asiri a Maiduguri. Amma a duba gidan da ya karɓi baƙin. Ɗaki biyu ne, da ma a cike, yanzu ga iyali biyu ko uku a kan tukunya ɗaya da makewayi ɗaya, matan aure da 'yan mata babu inda za su keɓe. Mako biyu ana iya jurewa da fara'a, wata huɗu kuwa yakan ɓata abin da aka shekara talatin ana ginawa. Idan har za a biya mai gidan da ba dangi ba kuɗin haya, babu dalilin da zai hana a ba ɗan'uwan da ya buɗe ƙofarsa irin wannan tallafi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato da zarar masu gidaje sun ji gwamnati ce mai biya, kuɗin haya zai yi tashin gwauron zabo, ya shafi har wanda ruwa bai taɓa ba. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai kuɗin haya yana tashi bayan ambaliya ko da tallafi ko babu, tunda gidaje sun ragu masu nema sun ƙaru, kuma wanda ya fito shi kaɗai da yara a bayansa ba shi da bakin ciniki. Amfanin rubuta ɗakuna tun da rani shi ne an tsayar da farashi lokacin da babu wanda ke cikin matsi. Shi kuma mai gida da ke fargabar ɗan haya zai shiga ya ƙi fita, takardar da mai unguwa ya shaida da lamunin hukuma sun fi masa alkawarin baki. Batun sunayen bogi ma yana raguwa idan kuɗi ba ya bi ta hannun kowa sai asusun mai ɗakin, kuma ana zagayawa a ga wanda ke ciki.

Dole a faɗi iyakar wannan shawara. A ƙaramin gari kamar Mokwa ta jihar Neja, inda ambaliyar ƙarshen Mayu 2025 ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ko a ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja, ɗakunan haya ba su da yawan da za su ɗauke kowa, don haka tanti da sansani ba za su kau ba. Haya kuma ba ta maye gurbin gyaran madatsa da yashe magudanai da hana gini a hanyar ruwa. Amma a Maiduguri da Kano da Yola da Lakwaja akwai ɗakunan, kuma kowace shekara hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya tun kafin ruwa ya sauka, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Daga fitowar wannan hasashe zuwa watan Agusta akwai isasshen lokacin da kowane mai unguwa zai zagaya da littafinsa, hukumar jiha kuma ta ware kuɗin hayar wata uku a cikin kasafin agajinta.